Hannun Sayarwa na Alhaji Chaibou

A rajistar ma'aikata, lambar Chaibou goma sha bakwai ce. An ɗauke shi ranar 2 ga Maris 1998, kuma a gurbin aiki an rubuta "shara". Bayan shekara uku aka gyara wannan layin, ni ne ma na gyara shi da jan alƙalami. Sunana Maazou. Ni ke riƙe da rajistar samfura a wani labo, wato ɗakin gwajin ƙasa, a Saint-Fons, kudu da Lyon, tsakanin wata masana'antar fenti da layin dogo. Duk buhun ƙasar da ya shigo ni nake ɗora shi a sikeli, in ba shi lamba, in rubuta inda aka haƙo shi. Idan wata uku suka cika, in sake auna abin da ya rage kafin a kai shi ma'aji.

Aikin da muke yi ba shi da wuyar faɗi. Rairayin da ke kwance sako-sako cikin ruwa, irin na bakin kogin Rhône, yana iya ɗaukar bene shekara hamsin bai ce uffan ba. Ranar da ƙasa ta girgiza sai ƙwayoyinsa su saki juna, wurin ya koma kunu, benen ya nutse ko ya kishingiɗa. Shi ya sa kafin a ɗora babban gini ake aiko mana da rairayin filin mu tambaye shi halinsa. Ana zuba shi cikin wani gwangwanin ƙarfe mai rigar roba a ciki, a shayar da shi ruwa, a sa shi cikin inji. Injin ya danna ya saki, ya danna ya saki, ana ƙirgawa, har rairayin ya sallama. Mai rauni yakan sallama tsakanin bugu na goma sha biyu da na sha biyar. Mai ƙarfi yakan wuce hamsin.

Duk abin ya rataya ne a kan zubin. Dole rairayin ya kwanta a gwangwani yadda yake kwance a ƙarƙashin ƙasa. A irin wanda muka fi samu, giram ɗari bakwai da tamanin ne za su cika gwangwanin daidai baki, ba saura, ba giɓi. Idan hannu ya ɗan yi rawa, ƙwayoyin za su matse, giɓi ya fito, a zubar a sake.

A Mirriya ta ƙasar Damagaram aka haifi Chaibou. Mahaifinsa, Mai Moussa, awon hatsi yake yi a kasuwa, kuma tun Chaibou bai kai tsawon buhu ba ya koya mishi cewa mai awo hannu biyu gare shi. Akwai hannun saye: a zuba gero da ƙarfi, a jijjiga tiya, a bugi gefenta, a ƙara har ta yi tozo. Akwai hannun sayarwa: a saki hatsin a hankali kamar ana kwantar da jariri, kada ƙwaya ta san akwai ƴar'uwarta a kusa, tiya ta cika da rabin iska. Chaibou ya ce a kasuwarsu ba wanda ke kiran wannan cuta. Sana'a ake ce mishi, kuma mai saye ma yana da nashi hannun idan ranarsa ta zo.

Yadda wannan sana'a ta shigo labo, na ji shi daga bakin mutum uku kuma bakinsu ya zo ɗaya. Wani injiniya ya yi kwana uku yana fama da gwangwani, kullum sai giɓi. Chaibou yana tsaye ya jingina da tsintsiya yana kallo, har abin ya ba shi tausayi, ya ce a ba shi mazurarin. Injiniyan ya miƙa mishi don haushi, ba don fata ba. Chaibou ya zuba, ya cika daidai baki. Aka ce sa'a ce, ya sake. Sau biyar ya yi. A na biyar injiniyan ya karɓi tsintsiyar daga bango ya kai ta ɗakin kaya da kansa.

Tun daga ranar ba wanda ya sake zuba rairayi a labo ɗinmu sai shi. Mutum ne ɗan ƙarami, mai ƙananan hannuwa, ba ya son a yi numfashi kusa da shi idan yana aiki. Idan jirgin kaya zai wuce, yakan ji shi tun kafin mu ji, ya ɗaga mazurarin ya jira. Ɗalibai sun zo daga jami'a sun ɗauki hannunsa a bidiyo. Wani farfesa ya tambaye shi sirrin, ya ce mishi *doucement*, wato a hankali, farfesan ya rubuta. Matarsa Huraira kuwa, idan mata suka tambaye ta aikin maigidanta, cewa take yi yana dama wa Nasara kunun yashi, su kuma suna biyansa, Allah ya ƙara musu irin wannan hankali.

Haka muka yi shekara ashirin da biyu. Da rana muna cin abinci tare a bayan ma'aji, ni da tuwon da na zo da shi, shi da shinkafarsa, kowa yana sukar yajin garin ɗan'uwansa.

A shekara ta 2023 ya tafi aikin hajji. Ya dawo bakin aiki ranar Litinin 17 ga Yuli da dabino, da zamzam a ƴan kwalabe, da haƙorin Makka guda ɗaya. Daraktanmu, Mushe Lacombe, ya sha zamzam ɗinsa a tsaye ya ce yana da ɗanɗano. Muka koma kiransa Alhaji.

Daga wannan makon ƙasar Faransa ta fara gyaruwa. Samfurin farko ya kai bugu hamsin da huɗu kafin ya sallama. Na biyu sittin da ɗaya. Rairayin wani fili da za a gina makaranta a kansa, wanda duk muka zaci zai narke tun injin bai yi zafi ba, ya tsaya kamar dutse. Mushe Lacombe ya yi murna, don babu abin da ya tsana irin ya buga wa mai gini waya ya ce mishi sai ya ƙara zurfin tushe. Masu gini suka fara yabonmu. Wani ma ya aiko da kwalin cakulan.

Babban buronmu, wato hedikwata, yana Paris, kuma al'adarsu ce su riƙa ɗebar kaɗan daga wasu buhunan suna gwadawa a can. Rairayin filin makarantar da ya ba mu hamsin da takwas, su goma sha huɗu ya ba su. Suka aiko da wasiƙa mai ladabi. Mushe Lacombe ya amsa da wasiƙa mai ladabi, yana nuna cewa wataƙila injinsu ne ya tsufa. Sai suka aiko da mutum.

Ranar 9 ga Oktoba ta iso, a jirgin safe. Sunanta Zouera, injiniya ce, haifaffiyar Bobigny kusa da Paris, iyayenta mutanen Tessaoua. Hausarta tana tafiya ne da sandar Faransanci, amma ta durƙusa ta gaida Alhaji yadda ya kamata, ta tambayi gida da iyali da gajiyar hanya, ko da yake wata uku ke nan da dawowarsa. Ta ce sunansa yana cikin littafin da ta yi karatu da shi. Daga nan ta cire rigar sanyi ta kwance injin. Kwana uku tana bincike. Ta gwada ma'aunin nauyi, ta gwada ruwan, ta canja roba, ta sa aka kira mai gyaran wuta. Komai lafiya. Ko sau ɗaya ba ta dubi wajen Alhaji ba, don wanda sunansa ke cikin littafi ba a tuhumarsa.

Ni kuwa ina da tawa damuwar tun ƙarshen Satumba. Da na auna ragowar buhuna, na tarar rairayi ya ɓace. Ba mai yawa ba: kilo ɗaya da giram ɗari huɗu, a watse cikin buhu goma sha ɗaya. Na duba ko buhunan sun huje, ba su huje ba. Na yi tunanin ɓera, na tuna ɓera ba ya cin yashi ko a Faransa. A rana ta uku ta binciken Zouera na zauna na jera lambobin gefe da gefe. Gwaji talatin da ɗaya aka yi tun 17 ga Yuli. Na raba abin da ya ɓace da talatin da ɗaya, ya ba ni giram arba'in da biyar. Buhun da aka yi gwaji biyu da shi ya rasa casa'in. Wanda aka yi huɗu ya rasa ɗari da tamanin.

Washegari na tsaya a bakin ƙofar ɗakin zubi kamar ina neman wata takarda. Alhaji ya auna ɗari bakwai da tamanin, ya zuba da hannun nan nasa, ya cika daidai baki. Sai ya yi bisimilla, ya ƙwanƙwasa gefen gwangwanin sau biyu da ɗan yatsan hagu. Rairayin ya zauna. Ya sa hannu a buhu ya ɗebo rabin tafi, ya cike giɓin, ya share bakin, fuskarsa cike da natsuwa.

Na jira lokacin abinci. Na fara da yajin Damagaram, ban ji daɗin zancen ba, sai na faɗa mishi abin da na gani. Bai musa ba. Ya ce a Mina, cikin tanti, wani malami daga Maradi, Malam Mika'il, ya yi musu wa'azi a kan masu tauye mudu, ya karanto abin da aka tanadar musu. Ya ce shi a nan ya ji kamar an kira sunansa da na mahaifinsa a lasifika. Mahaifinsa ma tiya yake tauyewa ranar kasuwa kawai. Shi kuwa shekara ashirin da biyu, Litinin zuwa Juma'a, yana cika gwangwani da iska, har ana ɗaukarsa a bidiyo. Ya yi kuka a Arfa, ya yi alkawarin ba zai sake tauye awo ba.

Na ce mishi ai ba wanda ke sayen rairayin nan. Ya ce masu gini suna biyan gwajin, ashe akwai mai saye. Na ce ana so ne ya zama sako-sako. Ya ce mahaifinsa ma haka yake so. Na ce, Alhaji, Nasara suna da suna ga wannan a dokar aiki, babban laifi suke ce mishi, kuma korar nan take ce, ga shi saura shekara biyu ka yi ritaya.

"Maazou," ya ce, "rubutawa kake so ka yi, ko ka riga ka rubuta?"

Na ce lambobin sun rubuta kansu, ni jerawa kawai na yi. Na ce akwai makaranta a ciki. Ya daɗe yana juya shinkafarsa. Sannan ya ce in kira mishi yarinyar, gara ya ji kunya a Hausa.

Zouera ta saurare shi har ya gama. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake cirewa. Ta ce ita ta kwana uku tana zargin injin da bai ci ba bai sha ba. Ta yi mishi bayani da zane a bayan ambulan: ga ƙwayoyi, ga ruwa, ga bene. Alhaji ya ce zanen ya yi kyau, Allah ya yi albarka, amma alkawarin ba da ita ya yi shi ba. Ta ce dole ta faɗa wa darakta yau, kuma ba ta da abin da za ta kare shi da shi idan zai ci gaba. Ya ce ya sani. Ya ce ɗiyata, ki yi aikinki.

Mushe Lacombe da ya ji, sai da ya zauna. Ya tambaya ko an ba Alhaji cin hanci ne, aka ce a'a. Ya tambaya ko ciwo ne ya kama hannun, aka ce a'a. Da aka fassara mishi ainihin dalilin, ya kalli kwalin cakulan da ke kan tebur, ya tura shi gefe. Ya ce a Paris akwai na'urar da ke zubo rairayi kamar ruwan sama, ba ta kai hannun Alhaji ba amma ba ta zuwa hajji. Ya ce ranar Litinin da ƙarfe tara Alhaji zai zuba biyar a gabansa. Idan suka fito yadda takarda ta ce, gargaɗi ne. Idan yatsan nan ya taɓa gwangwani, kora ce.

Zouera ce ta ce tunda malami ya ɗaura, malami ne zai kwance. Ta fasa komawa Paris. Ranar Asabar da hantsi muka taru a falon Alhaji, Huraira ta kawo fura ta zauna a bakin ƙofa, ta ce yau sai ta ji ƙarshen kunun nan. Alhaji yana da lambar Malam Mika'il. Gaisuwa ta ci minti shida, na duba agogo. Daga nan Alhaji ya gabatar da matsalarsa, ya miƙa wa Zouera wayar don ta faɗi nata.

Ta fara da kyau, sai Hausar ta ƙare mata a tsakiyar girgizar ƙasa. Huraira ta karɓe ta daga bakin ƙofa, ta ce Malam, ka san idan aka jiƙa tsaki a ƙwarya aka jijjiga, ruwa yakan taso sama? To haka ƙasarsu ke yi, da gidaje a kai. Malam ya ce ya gane, Allah ya kiyaye. Muna jin akuya a bayansa. Sannan ya fara tambaya. Ya tambayi wa ke cin rairayin, aka ce ba kowa. Ya tambayi ko mai ginin yana tafiya da shi gida, aka ce zubarwa ake yi. Ya tambayi to me mai ginin ke tafiya da shi, Zouera ta ce takarda, mai faɗin ko filin zai riƙe gini.

"Alhaji Chaibou, kana jina?"

"Ina ji, Allah gafarta Malam."

"Kai ba mai awo ba ne. Shaida ne. An kawo ƙasa gabanka an ce faɗi halinta, kai kuma wata uku kana cewa mutuniyar kirki ce."

Alhaji ya ce shi gyara kawai yake ƙarawa.

"Shaida ba a yi mata gyara. Wannan shaidar zur ce, kuma ta fi tauye mudu girma. Da ka tambaye ni a Mina, da na faɗa maka a kyauta, ba sai ka kashe kuɗin waya ba."

Alhaji ya tambaya, cikin ƙaramar murya, to shekara ashirin da biyun nan fa. Malam ya ce waɗannan lafiyarsu ƙalau, wata ukun nan ne ke buƙatar istigfari. Ya tambayi ko a Lyon ana samun maganin ciwon gwiwa mai kyau, aka yi sallama.

Mun zaci an gama. Amma da muka je labo ranar Lahadi don ya gwada, sai ga wata sabuwa. Zuciya ta yarda, yatsa bai ji fatawar ba. Da gwangwani ya cika, sai hannun hagu ya tashi da kansa, ƙwas ƙwas. Alhaji ya kalle shi kamar na wani. Ya sake, ya sake yi. Muka sa ya sa hannun a aljihu, sai kafaɗarsa ta karkace, zubin ya lalace. Zouera ta riƙe mishi hannun, ya ce ba zai iya aiki ana numfashi a kunnensa ba. Ni na ba da shawarar a ɗaure, ya ce shi ba ɗan akuya ba ne. Samfuri tara muka zubar.

Ranar Litinin da ƙarfe tara saura minti biyar ya shigo da farar riga. Mushe Lacombe ya tsaya a gefe da takardu biyu a hannu, kowa ya san abin da ke cikin kowacce. Ni ina kan sikeli, na auna buhun kafin a fara. Alhaji ya ɗauki mazurari da dama, sannan ya zaro carbi daga aljihu ya ba hagu. Darakta ya dubi Zouera. Ta ce babu inda ƙa'ida ta hana.

Ya zuba na farko yana ja. Da ya kai baki, na ga yatsan ya ɗaga, ya yi jim a sama, ya koma kan ƙwayar carbi. Na biyu haka. A na uku jirgin kaya ya wuce, ya tsaya ya jira, darakta ma ya riƙe numfashi tare da mu. Da aka gama na biyar na sake auna buhun. Giram dubu uku da ɗari tara suka fita, wato ɗari bakwai da tamanin sau biyar, ba ko ƙwaya a kai. Aka sa na farkon a inji, rairayin filin makarantar ne. Da la'asar ya sallama a bugu na goma sha huɗu. Ban taɓa ganin mutane suna murna don ƙasa ta zama kunu ba sai ranar.

Mushe Lacombe ya miƙa wa Alhaji takardar gargaɗi, ya ninke ɗayar ya sa a aljihu. Alhaji ya sa hannu, ya tambayi ko za a ba shi kwafi ya nuna wa Huraira, don ba a taɓa rubuta mishi wasiƙa mai tsawon haka ba.

An sake gwaji talatin da ɗayan nan duka, ya ɗauke mu har tsakiyar Disamba. Fili bakwai suka sauya hukunci, har da na makarantar, wanda Allah ya sa ba a kai ga zuba tushensa ba. Darakta ya buga waya bakwai yana tsaye, ƙofarsa a rufe, muna jin muryarsa tana ƙanƙancewa. Zouera ta rubuta rahotonta zuwa Paris, ta sa dalilin a layi ɗaya: sauyin hanyar zubi, an gyara. Ta ƙara sabuwar ƙa'ida, cewa a riƙa auna buhu kafin kowane zubi da bayansa, aka ba ni wannan aikin.

Na'urar Paris ba ta zo ba. An ce za a kawo ta idan Alhaji ya yi ritaya, kuma ya riga ya roƙi a bar shi ya ga zubinta sau ɗaya kafin ya tafi. Ya ce yana so ya ga ko wanda ya ƙera ta ya taɓa zuwa kasuwa.